Na'ura Ta Ƙi Yatsuna

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Kina dai shan maganin, ko kin sake tura shi ƙarƙashin filo? Mu nan kalau muke, alhamdulillahi. Na san za ki ce me ya hana ni kira. To kin san halinki da waya, in faɗi ɗaya ki ji uku, ƙarshe ki kashe ki ce layi ne ba kyau. Wannan magana kuwa ta zama ce.

Yaya, an liƙa mini takarda a ƙofar shago. Ranar Litinin da hantsi ina tsaka da matse zanen gado, sai ga mutum biyu daga ofishin hukuma. Suka yi sallama cikin ladabi, suka ce in nuna musu lasisin shagon. Na ce wane lasisi? Shekara ashirin da shida ina wanki da guga a wannan ɗaki, ba wanda ya taɓa tambayata komai sai ko rigarsa ta bushe. Suka ce dokar ba yau aka yi ta ba, yau ne dai ta iso layinmu. Kwana talatin suka ba ni. In ban haɗa takardu ba, za su zo da kwaɗo su rufe.

A shagon nan na raini 'ya'ya huɗu. Ga Uwar Biyu mai yi mini guga, shekararta goma sha ɗaya tare da ni, ita ma da shi take riƙe gidanta. Tana tsaye da dutsen guga a hannu tana kallona, ni ina kallon takarda.

Da yamma 'yarki Malama ta dawo daga makarantarsu ta karanta mini dalla-dalla. Ashe abin ba wani dodo ba ne. A yi wa sana'ar rajista da suna, 'yan duba-gari su ga inda ruwan wanki ke bi, 'yan kwana-kwana su duba harkar wuta, sannan a kai duka a karɓi lasisi. Sai dai rajistar ba ta yiwuwa sai da katin shaida, nawa kuwa ya bi ruwan wanki a aljihun wata riga tun Malama na goye, ban kuma taɓa komawa ta kansa ba.

Shekaranjiya na ci ado na tafi ofishin katin. Benci huɗu ne da fanka ɗaya mai ƙara, aka ba ni lamba na zauna. Da layi ya zo kaina na tarar da wata mata mai tabarau, mai fara'a, ba za ta wuce sa'ar Malama ba. Ta ɗauke ni hoto, na fito tsaf. Sai ta ce in ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi. Na ɗora, na'ura ta kunna jar wuta. Ta ce in goge hannu, na goge. In hura musu iska, na hura. In murza a goshi, na murza har mutanen benci suka fara ba da shawara. Dama da hagu, ja dai, ja dai.

Mai Tabarau ta juya tafin hannuna ta daɗe tana dubawa, har ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. Wai zanen yatsuna ya shafe, sun yi sumul kamar bayan cokali. Sabulu da cuɗa da zafin guga sun cinye shi. Na fara dariya, sai kuma na ji raina ya ɓaci. Aikin da nake nema wa takarda shi ne ya goge ni, har na'ura tana cewa ba kowa a wurin, ga ni zaune da ƙibata a gabanta.

Ta ce akwai dabara. In huta mako uku cur, ban da wanki, ban da guga, ban da ko wanke-wanke, in dinga shafa mai safe da yamma ina sa safar hannu, wataƙila zanen ya taso. Na lissafa, ranar da zan koma saura kwana shida wa'adin ya cika. Ni da ban taɓa hutun kwana uku a jere ba sai na haihuwa! Da na faɗa wa Baban Malama ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce tunda ya ajiye tuƙi ai zaman banza yake, shi zai karɓi baho. Ki taya ni addu'a, ba don na'ura kaɗai ba, har don kayan mutane.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Gajera

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Na samu amsarki, na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Yaya jikar nan taki mai haƙora biyu? In kin ga tabon mai a takardar nan ki yi haƙuri, hannun hutu ne ya rubuta.

Yau kwanana goma sha shida ban taɓa sabulu ba. Yaya, ashe haka masu hutu ke ji? An ajiye mini kujera a bakin shago, ina zaune da farar safar hannu ina nuni da haɓa. A kawo mini shayi, a ɗauke kofi. Kwana ukun farko kamar zan yi hauka, hannuna har ƙaiƙayi yake in na ji ƙarar ruwa a baho. Rana ta huɗu na faki ido na ɗauraye wani ɗan kofi, Uwar Biyu ta kama ni, ta kwashe ni tas gaban kwastoma, ta ce in ina son a rufe mana shago in faɗa mata ta fara neman wani aikin. Ban ƙara ba.

Surukinki kuwa, Allah ya ba shi lada, amma ya ba ni hawan jini. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota, ranar farko ya jefa jan ɗankwali cikin fararen rigunan wani likita. Riga biyar suka fito kalar hoda. Na ce shi ke nan, lasisi bai zo ba kwastoma ya tafi. Likitan ya zo, Baban Malama ya tsaya gabansa da zanena ɗaure a ƙugu, kumfa har gemu, ya ba shi labarin yatsuna tun daga farko. Bawan Allah ya yi dariya har ya zauna a kan bokiti. Uwar Biyu ta jiƙa rigunan ta dawo da huɗu farare, ta biyar likitan ya ce a bar masa haka, matarsa za ta so ta. Yanzu kuwa maigidan ya ƙware, har yana koya mini yadda ake cuɗa wuyan riga. Ni! Ina dai jiran ranar da zan cire safa.

Sauran takardun suna ta haɗuwa, tunda ƙafata ba a hana ta aiki ba. 'Yan duba-gari sun zo, suka ce ba zai yiwu ruwanmu ya ci gaba da malala kan titi ba. Gaskiyarsu ce, maƙwabcinmu mai gyaran keke ya shekara yana tsallake shi da kyar bai taɓa yi mini magana ba. Muka sa aka haƙa rami aka ja bututu aka rufe da murfi. Shi da kansa ya kawo shebur ya taya, ya ce yau burinsa ya cika. Suka dawo suka gani, suka buga hatimi.

'Yan kwana-kwana su ma sun zo. Suka sa aka canza wayar dutsen guga da ta shekara tana tartsatsi muna naɗe ta da leda, suka ce a rataye jar tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa. Babbansu ya ce wani ya fito ya gwada. Kin san wa ya fito, surukinki. Ya zare ƙarfen, ya matsa, bututun na kallon igiyar shanya. Sai da aka sake wanke layi guda. Duk da haka an ba mu takardar, wai aƙalla an tabbatar tukunyar na aiki.

Sai suna. Malama ta kawo sunaye na Turanci masu tsawo, na ce ni ban iya faɗinsu ba balle in amsa. Kowa a layin nan cewa yake kai wajen Gajera. Haka muka cike a fom, Gidan Wankin Gajera. Fom ɗin na nan cikin jakata, layi ɗaya ne kawai ba komai a kansa, wajen lambar katin shaida.

Ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro. Kullum da safe sai in cire safa in kai yatsuna wajen taga ina juya su. Sun yi laushi, sun yi kyau, har zoben aurena ya koma shiga. Amma zanen nan, wani lokaci in ga kamar ya taso, wani lokaci in ga idona ne kawai.

Saura kwana biyar in koma. Ki gaida maigidanki, ki ce ina nan ina cin hutu da ba da umarni.

Taki,
Gajera

*

Yaya! Yayata!

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ina fatan gwiwa da jikoki da kowa lafiya, ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, bakina cike yake. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ranar Alhamis muka koma, ni da Baban Malama, ya ce shi zai riƙe mini jaka kada hannun ya gaji. Mai Tabarau na ganina ta gane ni. Na cire safa a gabanta kamar mai buɗe kaya, na yi bisimilla na ɗora hannun dama. Ja. Na hagu, ja. Manyan yatsu, ja. Ta goge gilashin ta sake, ta kashe na'urar ta kunna ta sake. Ta ce zanen ya fara tasowa amma bai isa ba, in ƙara wata guda. Akwai wata hanya ta masu irin matsalata, sai dai takardar sai ta je babban ofis ta dawo, mako shida.

Saura kwana shida a sa kwaɗo, Yaya. Na zauna a kujerar nan hawaye suka zubo mini, ni da ban yi kuka a gaban baƙo ba tun rasuwar Inna. Na tuna Uwar Biyu da na baro tana share ƙofar shago tana waƙa. Na kai hannun hagu zan share fuska.

Nan Mai Tabarau ta ce in tsaya. Ta tambaye ni me ya sami ƙaramin yatsana na hagu, me ya sa yake tsaye a lanƙwashe. Ashe duk ɗora hannun da nake yi, yatsu uku ne ke taɓa gilashi, shi yana sama, ni kuma na saba ɓoye shi kada a gani. Na ce mata tsohon rauni ne, ba ya miƙewa ba ya lanƙwasawa, ba shi da amfani. Ta ce in kawo.

Kin tuna, ai ba sai na tuna miki ba. Akwatin ƙarfen Inna, ina shekara shida kina sha biyu, na zura hannu zan saci sukari, kika ji tafiyarta kika saki murfin. Yatsan nan tun ranar bai ƙara aiki ba. In ina cuɗa yana tsaye gefe, in ina matsa yana kallo, in ina guga ko hannun dutsen bai taɓa riƙewa ba. Shekara ashirin da shida 'yan'uwansa tara na shan wahala shi yana hutu.

Ta kama shi a hankali ta kwantar da shi a gefen gilashin ta mirgina. Yaya, kore! Zanen ya fito a allonta raɗau, layi bayan layi, har abokin aikinta ya taso yana tafi. Ta sake sau biyu don ta tabbatar. Ta ce dokarsu ta yarda da yatsa ɗaya in ya fito sosai, sauran a rubuta dalili. Baban Malama ya daka tsalle ya yi kabbara, jakata ta zube, mutanen benci suna ta yi mini barka kamar na haihu. Na rungume yarinyar nan, na manta ma a ofis muke.

A take ta ba ni takarda mai lambata, katin zai biyo baya. Daga nan ba mu tsaya ko shan ruwa ba sai ofishin rajista, na cike layin nan da hannuna. Washegari muka kai takardu uku ofishin hukuma. Jiya, ana saura kwana ɗaya, aka miƙo mini lasisi, da sunana da sunan shagon da hatimi. Mutum biyun nan da suka liƙa takarda, ɗayansu ne ya zo da kansa ya ɓamɓare ta, ya kuma bar mana riguna uku a wanke. Mun sa lasisin a gilashi mun rataye sama da teburin guga. Uwar Biyu ta goge shi sau huɗu yau.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki zauna. Shekara arba'in da biyu, duk zuwan da za ki yi sai kin kama hannun nan kin duba kin ce in yafe miki, ni kuma in ce haba Yaya, ai ya wuce. Ƙarya nake yi. A baki na yafe, amma duk ranar da na ɓoye shi a hoto ko aka ƙura masa ido a mota, sai na ji haushinki ya taso mini, kaɗan dai, amma yana nan. Na kuma bar ki kina ta roƙo don ina jin daɗin lallashin. Sukarin ma ni na je sata, ke gadi kawai na sa ki.

Ranar Alhamis a gaban na'urar nan na nemi haushin na rasa. Na yafe miki, Yaya, wannan karon har cikin raina, ke ma ki yafe mini shekarun da na bar ki da shi. In kin zo kada ki ƙara kama hannuna da wannan fuskar tausayin. Ki zo da kayan wankinki duka, ki ga shagon da kika hana a rufe.

Gobe da safe zan karɓi bahona daga hannun surukinki, ya ce sai dai mu raba. Kowa na gaishe ki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Gajera