Takalman Hagu Bakwai a Bakin Ƙofa

Anti Surayya, don girman Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Guangzhou ta ƙasar China sarin takalma. Kakata ta rasu ba ta gane kowa. Innata ma haka, kuma da abu ɗaya suka fara: su kwashi takalman gida su jera a bakin ƙofa, suna fuskantar ciki, kamar an yi baƙi. In ka tambayi Inna sai ta ce ka rage murya, su Baba na ciki. Baba kuwa shekararsa ashirin a kabari. Dangi suka ce iskar gidanmu ce, ba ta tashi sai ta ɗauki mace ɗaya.

To, a kasuwar Zhanxi, mai shagon da nake sari ƙafar hagu kawai yake ba ni samfur. Shekaranjiya na koma masaukina a Sanyuanli da guda bakwai a leda, na yi Azahar, na kishingiɗa. Ina buɗe ido na gan su jere reras a bakin ƙofa, suna fuskantar ciki. Ƙofa a kulle, ni kaɗai. Wallahi ban tuna na taɓa su ba. Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki, sai na ga ina tafiya saɗaf-saɗaf, kada in dami mutane.

Ga hawan jini, ga ciwon dasashin da ya ƙi warkewa. An ce akwai gwajin da ke nuna ko mutum ya gaji ciwon. In yi? 'Yata Firdausi ita ta yi jinyar Inna, ba na so ta fara yi min irin kallon da ta riƙa yi mata. Tsoro nake ji.

Taki, mai sarin takalma.

'Yar'uwa, sannu. Ba iska ba ce, ciwon mantuwa ne ya kama kakarki da innarki. Tsoronki na da dalili, domin gado yana ƙara haɗarin ciwon, amma ba ya yanke hukunci. A ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu share datti, kuma wasu abubuwan da ake gada suna shafar aikinsu. In suka yi sanyi, ko kumburi ya daɗe, haɗari na iya ƙaruwa. Masana na kan bincike, amma ki nemi maganin dasashin nan, shi ma kumburi ne, ki riƙe na hawan jini.

Mantuwa ɗaya bayan doguwar tafiya da ƙarancin barci ba hujja ba ce. Ba kuma abar sharewa ba ce. Ki fara ganin likitan ƙwaƙwalwa. Gwajin gado yawanci yiwuwa yake nunawa, ba tabbas ba, kada ki yi shi ke kaɗai a ƙasar mutane.

Firdausi kuwa, ki gaya mata. Innarki ba ta samu ta faɗi tsoronta ba tun tana iya faɗa. Ke kina da bakinki yau, ki kira 'yarki da sunanta ki yi mata bayani. Allah ya ba ki lafiya, ya mai da ke gida cikin aminci.