Ashe Har Mahaifata Makara Take Yi

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya raba ki da ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Inna ta fara zagaya tsakar gida ba sanda, Auta kuwa yana nan da rigimarsa.

Zancen asibiti ne ya sa na ɗauki biro. Kin san an sha dasa min ɗan tayi bai zauna ba. Yanzu guda ɗaya ya rage a ajiye cikin sanyi, kuma likita ta ce babu wani bayansa. Kafin a taɓa shi, ta ɗan ɗebo fatar cikin mahaifata aka auna. Ranar da na koma jin sakamako, sai kawai ta tambayi sana'ata. Da na ce ɗinki, ta ce to, ƙwayoyin halittar da na gada yadi ne mai kyau, babu inda ya yage. Amma a kansu akwai alamomi kamar zanen alli, su ke gaya wa shimfiɗar mahaifa yaushe za ta yi laushi ta karɓi baƙo. Nawa allin ya ɗan goce. Shimfiɗar tana shiryawa, amma sai bayan baƙon ya zo ya wuce.

Wallahi dariya ta kubce min a gaban matar, da hawaye tare. Ni da kuka laƙaba wa Sai-an-jira tun muna yara, ni da masu kawo ɗinki suka haddace gobena, ashe abin har ciki ya bi ni! Duk shekarun nan ina zaton ƙofar a kulle take.

Tun ranar ban cika zama cikin hayyacina ba. Da rana, in na tsayar da keken ɗinki, haske ya kwanta kan teburin yanka, sai in tsinci kaina riƙe da alli ina tunanin ɗan tayin nan can cikin sanyi, bai kai kafar allura ba, yana barci. Wani lokaci har ina ganin 'yar yarinya a ƙarƙashin teburin tana tsintar ƙyallaye, ina yi mata faɗa ta makara makaranta. Ina son ta, Yaya, tun ban san ko za ta zo ba, kuma ina jin tsoro.

Likita ba ta yi min alkawari ba, ta ce ilimin sabo ne. Amma wata mai kamawa za su jinkirta dashen har shimfiɗar ta gama shiri. Tunda aka haife ni ake ce min in yi sauri. Yau ga shi an ce za a jira ni. Ki taya ni roƙon Allah ya sa mu tarar da juna.

Ki gaida maigidanki da Gwaggo, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Sai-an-jira