Kalma Ɗaya Na Sauya Wa Ɗan Koriya

Assalamu alaikum, masu wannan fili. A sakaya sunana, kuma mai wa'azi ya tsaya ya ji ƙarshe tukuna.

Ni tafinta ne a wani kamfani da ke aikin dam ɗin Bakolori. Gonar babana ta Maradun tana ƙarƙashin ruwan nan yanzu. Kullum na kawo cefane sai ya ce, "Wanga tuwo na waɗanda sunka ci gonata ne." Ya ci kuma, don babu wani. To ku gaya min, wa zan so a wurin nan?

Akwai wani makanike ɗan Koriya, Turancinsa bai fi cikin cokali ba. Manaja yana zazzaga masa masifa, shi kuwa sai sunkuyar da kai. Sunkuyon nan ya fi komai ƙona min rai, don mu ma haka muka sunkuya aka kwashe mu daga gonakinmu. Ran nan ya same ni da ɗan littafinsa, wai in koya masa kalmomin haɗiye fushi. Yana so ya ce wa manaja, "Na kame bakina." Turancinsa shi ne "hold my tongue". Ni kuwa na rubuta masa "hold your tongue", wato rufe mana baki. Har da gyara masa lafazi! Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana "Na gode, Malam."

Washegari a gaban ma'aikata ya rusuna ya faɗa wa manaja. Kafin sati an sa shi a jirgi. Na yi dariya ranar, ba zan ɓoye ba. Shi ya ƙwace gonarmu? A'a. Amma shi hannuna ya kai.

Yanzu ga wasiƙarsa ta iso min nan Talata Mafara, wani ya taya shi rubutawa. An rubuta masa rashin ɗa'a a takardar sallama, babu mai ɗaukarsa aiki, ga 'ya'ya uku. Roƙonsa in shaida wa kamfani cewa shi bai san zagi ba. In na faɗi gaskiya ni za a kora, tuwon Baba ya yanke. In na yi shiru, nasa ya yanke. Kunya ta hana ni ko sake buɗe ta.

Abin da ya kashe ni, har yau bai gane ba. A ƙasan wasiƙar, da hannunsa, don in san yana nan yana haƙuri, ya rubuta min: "Malam, hold your tongue."

Me zan yi?