Ƙugun da Aka Sa Mini Ya Fara Kuka

Zuwa ga mai girma babban lokotoro, likita mai duba tsofaffin sojoji,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni ne Sa'idu ɗan Tanko na Dakoro, karatuna kaɗan ne, a yi haƙuri da rubutun.

Ran kasuwar da ta wuce, da safe, na je rijiya. Wani Buzu na Azagor, Agali, yana jan ruwa da sa. Na duƙa in ɗauki tulu, sai aka ji ƙiii. Agali ko waiwaya bai yi ba, ya lakato man shanu ya shafa wa gungumen da igiyar wasaki ke bi. Na miƙe, aka sake jin ƙiii. Ya ƙara mai. Sai da na gaya mishi ni ne, kada ya ƙarar da mansa. Ya yi dariya har ya saki igiya, sannan ya nuna mini garin itace da ya taru a ƙasan gungumen, ya ce duk abin da ke kuka haka cin kansa yake yi.

Na ɗaya. A soja na karye, amma ba harsashi ba ne. Daga kan kamiyo, babbar motar dankali, na faɗo, ina barci. A gida ana kirana mazan jiya, ni kuwa ban musa ba. A ƙasar Nasara aka yanke kan ƙashin cinyata, aka sa wani abu kamar ƙwan zabo mai ƙusa. Na gode, don da shi na taka na dawo.

Na biyu. Wanda ya sa shi ya ce in riƙa zama a kujera, kada in tsuguna, in guji rairayi. Na ce to, don ban iya gardama da Faransanci ba. Ranka ya daɗe, Dakoro duk rairayi ce. A tabarma nake cin tuwo, a ƙasa nake zaman tahiya. Liman har ya mai da ni ƙarshen sahu, saboda in na yi ruku'u sai tsofaffi ma su kama tari don ɓoye dariya.

Na uku. Anfirmen nan, malamin asibitinmu, ya ce sanyi ne, ya ba ni ƙwaya. A Maraɗi aka ce ƙugun na Nasara ne, a can za a tambaya. Wato ni na samu 'yancin kai, ƙuguna bai samu ba. Sanyi dai ba ya rage tsawon ƙafa, ga shi duk sanda na je wurin baduku sai ya ƙara fata a takalmin hagu.

Damina ta kusa. Gonar tsohuwata ba mai noma ta sai ni. In abin nan ya tsinke a tsakiyar kunya, ba hatsi, ga ƙaton da za ta yi jinya.

Roƙona a ɗauki hoton ƙashin a ga abin da ya rage. In yana gyaruwa a gyara kafin shuka. In ba ya gyaruwa a gaya mini, in ba da aron gonar tun da wuri.

Allah ya ƙara girma, ya bar ka da ƙashin da aka haife ka da shi. In ana shakka, Agali ya ji, Malam Habu liman ya ji, Ɗan Ladi baduku yana da awon ƙafar. Sa ma ya ji, don tsayawa ya yi.

Wassalam.
Sa'idu ɗan Tanko, Dakoro