Rumfar Cacar Doki da Kujerar Mahaifiyata

Zuwa ga:
Mai Girma Magajin Garin Koudougou.

Daga:
Noaga Kiendrebeogo, mai gyaran keke,
Bayan tashar jirgin ƙasa, Koudougou.

14 ga Maris, 2019

Game da: Roƙon tayar da rumfar caca daga ƙofar gidanmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ina kawo kuka a kan Wendyam Nikiema, mai karɓar cacar dawakin da ke tsere a Faransa. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san rashin imani in na gan shi.

1. Mahaifiyata, Poko, tsufa ya taɓa mata hankali, ga ciwon suga. A watan Janairu wani ɗan caca ya tambaye ta lambobin dawaki da wasa, ta faɗa, dawakin suka ci. Ka san 'yan caca: wai wanda hankalinsa ya gushe shi ke hango dokin da zai ci.

2. Tun daga nan Wendyam ya ajiye mata kujera a gefen rumfarsa. Da na fita aiki sai a riƙo hannunta a zaunar da ita. Duk wanda ta ba lamba ya saka mata da alewa ko lemon kwalba, abin da likita ya hana. In dokin ya faɗi, a dawo a zage ta, matar da ta goya rabinsu.

3. Ranar 2 ga Maris ta suma a kujerar. Babu wanda ya raka ta asibiti. Lambar motar da ta ɗauke ta suka kwafa suka buga caca da ita.

4. Na tunkari Wendyam. Ya yi dariya, wai in tafi da wa'azina gaba, shi tikiti kawai yake yanka, doki ya ci ko ya faɗi bai dame shi ba.

Likita ya ce in ta sake suma, ba lallai ta farka ba. An sallamo ta shekaranjiya. Kujerar tana nan, har an yi mata sabon fenti.

Ranka ya daɗe, jiya na durƙusa na tambaye ta ko ta gane ni. Ta ce bakwai, sha biyu, huɗu, sannan ta miƙo hannu tana jiran alewa.

Ina roƙonka da girman kujerarka, ka ba da umarni a tayar da rumfar nan kafin ƙarshen mako, domin ranar Litinin dole in koma aiki.

Mai biyayya gare ka,
Noaga Kiendrebeogo