Man Shanu Ya Raba Gardamar Kwano

Filinge, daren Litinin, tara ga Rajab, tsakiyar bazara.

Yau na kayar da Tafinta Mamman a gardama gaban Kumandan, Baturen da ke mulkin garin nan, har yanzu dariya nake ni kaɗai.

Tun da anka rufe ɗakin irin hatsin gari da kwano nake cewa irin nan zai gasu kafin ruwan farko. Mamman ya ce, "Baba, rana ba ta ganin hatsin, kwano bai taɓa shi ba, ga taga buɗe. Ta ina zafin zai bi?"

Na ce, "Ɗana, in ka tsaya gaban maƙera, sai wuta ta taɓa ka fuskarka ke zafi? Ƙarfe in ya sha rana, daga nesa yake jefo zafinsa."

Da hantsi na karɓo curi biyu na man shanu wurin Inna Hajo. Ɗaya na aje cikin ƙwarya ƙarƙashin kwanon, ɗaya cikin bukkata mai jinka. Da azahar munka duba tare da Kumandan. Na bukka yana zaune daram. Na kwano ya zama ruwa, har ya ɓata wa Mamman riga da ya ɗauki ƙwaryar.

Kumandan ya miƙa tafinsa wajen rufin, ya janye. Ya ba da umurni gobe a ɗora jinka bisa kwanon.

Gaskiya da safe gabana ya faɗi, don Kumandan ne ya sa anka yi rufin kwanon, da man bai narke ba, bulala zan sha. Abin da ya fi mini daɗi kuwa, Mamman da bakinsa ya fassara mini umurnin.