Ambulan Sittin, Babu Na Komowa

Kawu Bartholomew, don Allah ka taimake ni da shawara. Kwana goma sha tara suka rage in tashi tafiya, kuma duk lokacin da na zauna lissafin guzuri sai in kasa gamawa.

Ni malamar makaranta ce a garin Gidan Waya, kusa da Kafanchan, shekarata talatin da ɗaya. Yayana Meshak, wanda nake bi, shi ne mai son yawo a gidanmu. Tun muna yara yake zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yana tambayar ma'aikata inda kowane layi ya nufa. Shekara uku ya yi yana shirin tafiya da jakar goyo, daga mota zuwa mota: Legas, Kwatano, Lome, Akra, Abijan, ya ratsa Gini har Dakar, kwana sittin. Citta yake nomawa kamar kowa a wajenmu, da ita ya tara kuɗin. Ya sayar, ya canza zuwa sefa, ya raba a ambulan sittin. Kowane da lambar ranarsa da sunan garin da zai kwana, da sefa dubu goma sha biyu a ciki na ci da makwanci da mota. Saura mako biyu ya tashi, a watan Maris, mota ta buge shi a kan babur a hanyar Godogodo. Bai kai asibiti ba.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Kakarmu Hulda ta haura tamanin da biyar, ba ta gani, zuciyarta kuma ba ƙarfi. Ita ta goya Meshak. Manyan gida suka zauna, Baba Azariya, ƙanin mahaifinmu, ya yanke cewa ba za a faɗa mata ba. Aka binne shi a Kafanchan tana ƙauye, aka ce mata ya tashi tafiyarsa. Har matan zumunta na coci masu zuwa yi mata addu'a an ja musu kunne.

Kowace Lahadi bayan sujada nakan je wurinta. Makon farko ta ce mini Meshak ya isa Kwatano, yana kukan barkonon abincinsu. Na yi dariyar dole. Mako na gaba ta ce Lome. Daga nan Akra, daga nan Kumasi. Kawu, matar nan ba ta taɓa wuce Jos ba, ba ta karatu. Na koma gida na jera ambulan a kan gado, na ga garuruwan suna bin juna yadda take faɗa, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Na tambaye ta wa yake kawo mata labari. Ta ce shi da kansa, da rana tsaka, lokacin da kowa ya tafi gona. Yakan zauna a kan turmi a gindin mangwaro, tana jin ƙanshin busasshiyar citta a rigarsa. Ta ce abin da ya dame ta shi ne da takalmi ɗaya yake tafiya, na hagu ya ɓace. A wurin da aka buge shi takalmin dama kaɗai muka samu. Yana ƙarƙashin gadona yanzu haka.

Mako uku da suka wuce ta ce ya kai ƙarshe, yana zaune bakin wani babban ruwa, guzurinsa ya ƙare. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni naira dubu ɗari da arba'in, kuɗin da ta yi shekaru tana ajiyewa na akwatin gawarta da kayan da za a rufe ta da su. Ta ce: "Ki kai masa ya dawo gida. Kada ki ci ko sisi a hanya." Na karɓa, Kawu. Ban san yadda zan ƙi ba.

Tun kafin wannan na riga na ƙudura zan yi tafiyar a madadinsa. Na haɗa dogon hutu da izinin da na nema, na yi fasfo, na yi allurar rigakafi, jakarsa ma zan goya. Sai da na zauna lissafi na lura ambulan na sittin a Dakar ya tsaya. Babu na sittin da ɗaya. Babu ko kwabo na komowa. Meshak ba mai mantuwa ba ne, har kuɗin ruwan leda yake rubutawa. Me zai sa mutum irinsa ya shirya zuwa bai shirya dawowa ba? Abin da ya bari kawai buhu shida na busasshiyar citta a ɗakin ajiya, ya rubuta musu "Kada a taɓa" da jan fenti, kuma ba wanda yake ko kusantar ƙofar. Mama ta ce a bar su yadda ya bar su.

Ni nawa ajiyar naira dubu ɗari uku ne. Shin dubu goma sha biyu a rana za ta riƙe ni? In sa kuɗin Kaka cikin guzuri su zama na komowa, tunda don komowa ta bayar? Jiya na kama kaina ina rubuta kuɗin shayi kofi biyu a kowace safiya. Mama ta ce idan na bi ambulan ɗin har na ƙarshe ni ma ba zan dawo ba. Ban yarda da ita ba, amma na daina iya zama a ɗakin da jakar take.

Ƙanwar Meshak, Gidan Waya

'Yata, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Zan fara da buhunan nan, domin a cikin wasiƙarki su kaɗai ne za a iya ɗorawa a kan sikeli.

Ke 'yar manoman citta ce, amma tsoro ya sa kin manta yadda mutanenki suke ajiyar kuɗi. Manomin citta bai cika yarda da banki ba, bai yarda da naira ba ko kaɗan, buhu ya yarda da shi. Yayanki ya san kuɗin mota na wata biyu masu zuwa ba zai tsaya inda ya bar shi ba, sai ya bar na komowa a cikin abin da farashinsa yake tafiya tare da kasuwa, da niyyar ya yi waya daga Dakar a sayar a aika masa. Ambulan na sittin da ɗaya da kike nema yana ɗakin ajiya, gida guda kuna ta kewaye shi da sanɗa tun Maris. Jan fentin nan ba gargaɗin lahira ba ne. Ina kyautata zaton don Baba Azariya aka shafa shi. Ki lallashi Mama, a fitar da su wannan makon kafin danshin damina ya gama da su, a sayar, a ware kuɗin komowa tun ba ki sa ƙafa a mota ba. Ki bar su a asusunki, ko a hannun wanda ba ya jin kunyar ce miki a'a.

Dubu goma sha biyu a rana kuwa lissafin saurayi ne mai kwana a benci a tasha ya kira shi ilimi. Ke kina bukatar ɗaki mai sakata. Ki zazzage ambulan ɗin duka, ki mai da tafiyar kwana arba'in da biyar, kowace rana ta tashi da dubu goma sha shida. Wasu garuruwan za su faɗi, ba za su ji haushi ba. Ranar tsallaka iyaka takan ci ninki biyu, ranar da kika zauna wuri ɗaya takan ci rabi, don haka ki riƙa lissafi mako-mako. Gana da Gini ba sa cin sefa, kowacce da kuɗinta, ki riƙa canzawa kaɗan-kaɗan. Hanyoyin Gini a damina ba sa sauri, ki bar musu rarar kwana biyu, ki kuma tambayi lafiyar kowace hanya kafin ki hau ta. Naira dubu ɗari ukunki na ciwo ne da ɓatan jaka, ba na atamfa ba. Kada kuɗinki su kwana wuri ɗaya a jikinki. Shayi kuma kofi ɗaya. In kin isa bakin teku a Dakar ki sayi na biyu sau ɗaya, ba zan yi miki dariya ba.

Yanzu Kaka. Garuruwan ba su ba ni tsoro ba. Mutumin da ya yi shekara uku yana mafarkin hanya ɗaya ya gajiyar da kowa a gida da ita, sai tsohuwar da ba ta iya tashi ta gudu. Ya karanta mata jerin nan a gindin mangwaron sau ɗari, ta haddace shi kamar waƙar coci. Takalmin ne ya sa na ajiye wasiƙarki na ɗan leƙa taga. Watakila wata daga cikin matan zumunta ta yi raɗa, ta manta cewa wanda ba ya gani kunnensa ba ya hutu. Watakila ba haka ba ne. Na yi karance-karance daidai gwargwado, ban kuma sami shafin da ya hana matattu zama a kan turmi ba.

Ko ta wace hanya ta sani, ina jin ta sani. Matar da ta kai shekarunta ta binne mutane da yawa, ta san yadda muryoyin gida suke canzawa. Kun yi mata ƙarya don ku tausaya mata, ita kuma tana riƙe muku ƙaryar don ta tausaya muku, har ta gaji. Wanda ya kwance kuɗin akwatinsa ya ce a dawo masa da yaro gida, ba kuɗin mota yake bayarwa ba. Roƙo take a bar ta ta yi kukan jikanta. Baba Azariya bai yi mugunta ba, tsoron zuciyarta kuma ba wasa ba ne, shi ya sa ban ce ki faɗa mata ke kaɗai ba. Ki je da shi, da Mama, da fasto, da ma'aikaciyar jinya in da hali. Ku zauna da rana, ku faɗa mata, ki mayar mata da kuɗinta a tafin hannu tana ƙirgawa. In ta nemi a kai ta kabarin, ku kai ta, ki tafi mata da takalmin. Kuɗin nan ba sa shiga lissafinki ko da tafiyar za ta fasa saboda su. In kuma kwana goma sha tara ba su ishe ku ba, Dakar ba ta zuwa ko'ina.

Daga nan sai ki sayi sabon ambulan guda ɗaya, ki rubuta Gidan Waya a bayansa da hannunki, ki nuna wa Mama kafin ki ɗaura jaka. Ubangiji ya kai ki lafiya, 'yata, ya dawo da ke da takalmanki biyu.

Kawu Bartholomew